Sunaye Bakwai na Baban Ɗigo

"Kawu, kai ne za ka goge ni daga cikin kwamfuta?"

Injiniya ya ɗauko kofin shayinsa ke nan, ya kai shi rabin hanya zuwa baki, sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi yarinyar da ke tsaye a gefen teburinsa, 'yar shekara biyar, jakar makaranta a baya, igiyar takalmi ɗaya a kwance. Sannan ya dubi uwarta, wadda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ɗigo, zo nan. Wa ya gaya miki wannan magana?"

"Ke kika gaya wa Anti a waya. Kika ce sabon mutumin zai goge Ɗigo."

An tashi 'yan makaranta da wuri ranar, malamai suna taro, shi ya sa ta taho da ita ofis. Da ta san abin da yarinyar ta ɗauko a ciki, da ta bar ta wajen maƙwabta. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, tebur huɗu da fanka mai ƙara, ba inda mutum zai ɓoye fuskarsa. A ƙasa kuma wajen haɗa kaya ne, ana jin bugun guduma har sama.

Injiniya ya ajiye kofin. Dattijo ne mai furfura a gemu, wata shida ke nan da aka ba shi kujerar marigayi baban yarinyar, kuma har yau bai yarda ya jingina da ita sosai ba. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo biskit.

"Ni ba na goge mutane, 'yata. Ba a koya mini ba. Je ki zauna ki ci."

Yarinyar ta karɓa, amma ba ta daina kallonsa ba.

Aikin kamfanin shi ne haɗa akwatunan da ke sarrafa injin jan ruwa. Akwatin ba shi da wayon kansa, sai an rubuta masa umarni: lokacin da zai kunna inji, lokacin da zai kashe, abin da zai yi in tanki ya cika. Baban Ɗigo ne ya ƙirƙiro ɗan yaren da ake rubuta umarnin da shi, matarsa kuma ita ke rubuta littafin da ke koya wa masu gyara yadda za su yi amfani da yaren. Jagora ake ce wa littafin. A kansa suka haɗu, a kansa suka yi faɗansu na farko, saboda ta ce masa bayaninsa sai wanda ke cikin kansa ne zai gane.

Shi ne ya fara koya mata abin da ake kira makuro. Ya ce kamar uwa ce ta ce wa yaro "shirya makaranta". Kalma biyu ce, amma a cikinta akwai wanka, akwai goge baki, akwai neman takalmin da ya shige ƙarƙashin gado. Makuro suna ne guda da ka rubuta, akwatin ya warware shi ya zama dogon umarni. Don haka sunan ba abin wasa ba ne. Shi da kansa ya kafa doka, yana zagaya ɗaki yana faɗa, ita tana bugawa, ga ciki. Dokar tana shafi na sha ɗaya. Sunan makuro da manyan baƙaƙe ake rubuta shi, don ido ya kama shi da wuri. Ya fara da sunan abin da yake taɓawa, inji ne ko tanki ko bututu. Ragowar sunan ya faɗi aikinsa a fili. A ƙasan shafin kuma ya ƙara layi ɗaya: duk sunan da ka gani da ƙananan baƙaƙe, kuma ba ya cikin wannan littafi, na gwaji ne da aka manta, kana iya cire shi.

Sai aka haifi yarinyar, bakwaini, ba ta cika tafin hannunsa biyu ba. Ya leƙa zanen ya ce, "Wannan ai ɗigo ce," sunan ya bi ta. Watannin nan a gida ya yi aiki, kwamfuta a kan tebur, jaririya a cinya. Makuro bakwai ya rubuta a lokacin, kuma mai dokar da kansa ya karya ta. Akwai barcin_ɗigo, akwai kukan_ɗigo, akwai gyatsar_ɗigo, duk da ƙananan baƙaƙe. Matarsa ta ce, "To malam mai doka, ina shafi na sha ɗaya?" Ya yi dariya ya ce, "Zan gyara gobe." Ba ta sa su a Jagora ba, tunda gobe za a canza. Goben ta yi shekara huɗu tana tafiya a gabansa. Wata Talata ya ce kansa na ciwo, kafin Juma'a an kai shi makwancinsa.

Da Injiniya ya zo, ya ce za a fitar da sabon Jagora, ta kawo masa jerin duk sunayen da suka saɓa wa doka. Ta kawo masa ashirin da uku. Bakwai ɗin nan ta bar su a inda suke. Makon jiya ya tsinto su da kansa.

Yanzu da yarinyar ta koma gefe tana ɓarar da biskit a kan kujera, ya rage murya.

"Maman Ɗigo, ban san sunan yarinyar nan ne ba sai yanzu. Na ɗauka wani shirme ne na gwaji."

"Ba shirme ba ne, Yallaɓai."

"Na gani. Aikin da ke cikinsu ma shi ne ƙashin bayan akwatin. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba."

"To a sa su a Jagora yadda suke. Zan rubuta bayanin kowanne."

"In muka yi haka, shafi na sha ɗaya ya zama ƙarya. Mai gyara ya ga ƙananan baƙaƙe, ya rasa na cirewa da na bari. Kuma wanda zai zo bayana ya sa wa nasa sunan kyanwarsa, ba mai bakin hana shi." Ya shafa gemu. "Ba zan taɓa su ba sai kin ce. Amma ki tuna suna waje, a cikin akwati sama da ɗari biyu, a hannun mutanen da ba su san shi ba."

Ta ce za ta yi tunani.

Tunanin ya yi mako uku. Kullum in ta buɗe fayil ɗin sai ta tsaya a kan layukan, ta karanta su a hankali, ta rufe. Kayansa na sawa danginsa sun raba, babur an sayar, wayarsa ta mutu da hotunan da ke ciki. Ba mutum ne mai rubuta wasiƙa ba. Duk duniya nan ne kaɗai wurin da ya rubuta sunan 'yarsa da hannunsa. Burinta yarinyar ta girma ta iya karatu, ta zaunar da ita ta ce, duba, a gidaje ɗari biyu ba a shan ruwa sai an ambace ki. Ba ta ga wanda sunayen suka tsare wa hanya ba. Shekara biyar suna aiki lafiya.

Ran Laraba ta mako na huɗu Mai Sifana ya hawo benen yana haki. Shi ne babban mai kafa akwatuna, abokin marigayi tun suna samari, mutum mai tumbi da yawan barkwanci. Ranar bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Injiniya, injin gidan benen nan mai hawa huɗu ya ƙone. Ƙurmus."

"Akwatinmu?"

"Akwatinmu lafiyarsa ƙalau. Mai gyaran wutar gidan ne ya buɗe umarnin don ya canza lokacin kunnawa. Ya ga wani layi bai gane shi ba, ya cire." Bai kalli Maman Ɗigo ba. Rashin kallon ne ya gaya mata.

"Wane layi, Yaya?"

"Bari kawai, ƙanwata."

"Wane layi?"

"Na barcin."

Ta san aikinsa ba sai an faɗa mata ba. In ruwan rijiya ya ja baya, barcin_ɗigo ke kashe injin, ya hana kowa tayar da shi sai ruwa ya dawo. Haka gidansu yake a lokacin: in jaririya ta yi barci, ko cokali ba a yarda ya faɗi ba. Da aka cire layin, injin ya ci gaba da zuƙar iska har ya cinye kansa.

Ta ɗauki mayafinta. "Zan bi ka."

"Me za ki gani a can? Ƙarfe ne ya ƙone."

"Zan bi ka, Yaya."

Gidan yana ƙarshen wani layi mai ramuka. A tsakar gidan an jera jarkoki da bokitai tun daga bakin ƙofa har gindin matakala, yara na zaune a kansu suna gadin layi. Ɗakin injin ɗan ƙarami ne a bayan matakalar, warin ƙonanniyar waya ya cika shi. Mai gyaran wuta na tsugune a ciki, siririn mutum, an ga alama tun safe ake zaginsa. Da ya ji daga kamfani suke sai ya miƙe ya zaro Jagora daga jakarsa. Littafin ya sha hannu, gefensa duk baƙin mai. Ya buɗe shafi na sha ɗaya ba tare da ya nema ba.

"Malama, ki karanta da kanki. Ni ba na aikin ganganci. Na ga suna da ƙananan baƙaƙe. Na duba littafin nan daga farko har ƙarshe, sau biyu, babu shi. Ga abin da aka ce a yi." Ya dangwala yatsa a layin ƙarshe. "Shekara goma sha biyar ina gyara a gidan nan, yau ana ce mini ɓarawon inji. Wanda ya rubuta littafin nan shi ya kamata a kamo."

Mai Sifana ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ni na rubuta."

Mutumin ya dube ta, ya sauke littafin a hankali. "To ki yi haƙuri, Malama. Amma mene ne barcin ɗigon? Har yanzu ban gane ba."

"Ba yadda za a yi ka gane. Ba laifinka ba ne. Zan gaya wa mai gidan da bakina."

Da ta fito, ta ci karo da wata mata a matakala. Ba za ta girme ta ba. Goyo a bayanta, jarka a kanta, wani bokiti a hannu, ruwa na zuba yana jiƙa mata kafaɗa. Ta tsaya a hawa na farko tana mayar da numfashi. Maman Ɗigo ta karɓi bokitin ba tare da ta tambaya ba, suka hau tare.

"Sannu, baiwar Allah. Hawa na nawa?"

"Na huɗu. Wannan sawu na shida ke nan yau." Ta gyara goyon da gwiwar hannu. "Yaron nan gudawa yake yi tun shekaranjiya. Kin san wanki. Babansa kuma ba ya gari."

"An kai shi asibiti?"

"An kai. Sun ce in yawaita wanke hannu da tafasa ruwa." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Na ce to, Allah ya kawo ruwan."

Yaron ya juyo da kai, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa a bushe. Maman Ɗigo ta san wannan kallon, ta yi wata uku tana ganinsa a fuskar tata 'yar. Ta ajiye bokitin a ƙofar matar, ta sauko ta ɗauko wani, ta sake hawa. Sawu uku ta yi kafin Mai Sifana ya riƙe mata hannun mayafi ya ce ya isa, ya ari wani inji da za a kafa kafin yamma.

Suka kamo hanya a mota, har sun kusa ofis.

"Da yana nan," in ji Mai Sifana, "da na ci masa mutunci yau. Sau nawa na ce masa, kai, canza sunayen nan, ba kowa ne ya je sunan 'yarka ba."

"Me yake ce maka?"

"Gobe." Ya share ido da bayan hannu, ya ɗora laifin a kan ƙura.

Washegari, bayan ta kai yarinyar makaranta, ta jawo kujerarta zuwa teburin Injiniya. Ta zo da takarda mai layi biyu, hagu tsohon suna, dama babu komai.

"Yallaɓai, kai ka san abin da suke yi. Ni na san abin da ya sa. Mu gama yau."

Suka fara. Barcin_ɗigo ya zama INJI_TSAYA_IN_RUWA_YA_JA. Kukan_ɗigo, wanda ke kaɗa ƙararrawa ba ya yin shiru sai an zo an taɓa akwatin, ya zama ƘARARRAWA_KAƊA_SAI_AN_ZO. Rarrafen_ɗigo shi ke tayar da inji sannu sannu don kada ya fizgi wuta. Da suka zo kan gyatsar_ɗigo, Injiniya ya gyara tabarau ya karanta abin da ke ciki, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Iskar da ta maƙale a bututu yake fitarwa."

"Bayan an cika tanki," ta ce. "Sai an ɗan bubbuga."

"Allah ya jiƙan mutumin nan. Wallahi sunansa ya fi nawa dacewa." Ya cire tabarau ya goge. "Amma rubuta BUTUTU_FITAR_DA_ISKA."

Ta rubuta. Haka suka bi su har suka zo kan na bakwai.

Sunansa jiran_uwar_ɗigo. Injiniya ya juyo mata da kwamfutar. Layi biyu ne kawai a cikinsa. Kafin inji ya tashi da safe, akwatin zai tsaya daƙiƙa casa'in, ba ya yin komai, sannan ya kunna.

"Na juya shi ta kowace fuska," in ji shi. "Ban ga dalili ba. Wataƙila wuta yake jira ta daidaita, wataƙila wani abu ya gani a wata rijiya da ni ban gani ba. Mutum irinsa ba ya sa jira a banza. Ke fa, me ya gaya miki?"

Ta dubi layin. Abin da ta sani shi ne, kullum da safe sai ya tayar da babur ya tsaya a ƙofar gida, ita kuma sai ta koma ciki da gudu, yau makulli, gobe kwalbar yarinya. Bai taɓa danna mata oda ba. In ta fito sai ya ce, "Minti ɗaya da rabi, kin rage jiya." Wannan shi ne dalilin sunan. Dalilin jiran injin kuwa, ta tuna ranar da ta gan shi yana rubutawa, ta tambaye shi, ya ce dogon bayani ne, zai zauna ya yi mata don ta sa a littafi. Tana sauri za ta ɗora ruwan wankan jaririya, ta ce to, wani lokaci.

"Bai gaya mini ba," ta ce. "Ban koma na tambaya ba."

Suka sa masa INJI_JIRA_KAFIN_TASHI. A gurbin bayani, inda ta saba cika rabin shafi, ta rubuta: Ba a san dalilin wannan jira ba. Kada a cire shi.

Injiniya ya shirya komai ya rage dannawa ɗaya, wadda za ta bi yaren gaba ɗaya ta musanya sunayen. Ya miƙa hannu, ta ce ya dakata. Ta sa aka buga mata tsohon shafin a takarda, ta ninke shi huɗu ta sa a jaka. Sannan ta matso.

"Ka ce wa yarinya ba ka goge mutane. Kada mu mayar da kai maƙaryaci."

Ta danna. Ko daƙiƙa biyu abin bai ɗauka ba. Mai Sifana zai zagaya da sabon umarnin gida gida, zuwa ƙarshen wata babu akwatin da zai sake kiran sunan.

Da rana ta je ɗauko yarinyar. Suna tafe a gefen titi, ta riƙe mata hannu ta ɓangaren da ba motoci.

"Mama, Kawu ya goge ni?"

"A'a. Ni na goge."

Yarinyar ta tsaya cak. "Don me?"

"Wani yaro ne ba shi da lafiya, kuma gidansu ba ruwa, saboda mai gyara bai san ke ce Ɗigo ba."

"To ki gaya masa mana."

"Suna da yawa, masu gyaran. Ba zan iya bin su duka ba." Ta tsuguna ta ɗaure mata igiyar takalmi, ta fito da takardar ta buɗe. "Ga ki nan. Wannan ke ce, wannan ma ke ce. Babanki ne ya rubuta. Zan ajiye miki a akwatina sai kin iya karatu."

Yarinyar ta bi layukan da yatsa, ba ta san ko baƙi ɗaya ba tukuna. "Me ya ce a nan?"

"Ya ce kina gyatsa."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Uwar ta duba takardar daga sama har ƙasa, kamar za ta sami wani layi da ta tsallake. Sunaye bakwai ne da umarnin inji, ba komai bayan haka.

"Shi ke nan abin da ya samu ya rubuta," ta ce. Ta ninke takardar, suka ci gaba da tafiya.

Kai da ke karanta wannan, in aikinka na sa wa abubuwa suna ne, ka sa sunan da baƙo zai gane ranar da ba ka nan, kuma ka rubuta dalili tun yau, tun mai tambayarka na tsaye a kanka. Abin da ke ranka game da ɗanka kuwa, kada ka ɓoye shi a cikin aikin ofis. Wata rana dole a share wurin, kuma mai yiwuwa wadda ta fi kowa sonka ita za a bar wa sharar. Nemi takarda ka rubuta masa da sunansa, ka ba uwarsa ta ajiye.